Wasiƙa Daga Ingila: Stanley Matthews, Ɗan Mai Askin Da Ya Jira Kofi Har Shekara 38



'Yan uwa da abokan arziki, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kowa yana lafiya. Ya gida, ya yara, ya kuma haƙuri da rayuwa? Na san an kwana biyu ba ku ji ɗuriyata ba, har Yaya Babba ya aiko yana tambaya ko sanyin Ingila ne ya daskarar mini da yatsu. To, ba sanyi ba ne. Wata magana ce nake ta juyawa a raina na rasa ta inda zan ɓullo mata, amma tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in faɗa kowa ya ji lokaci guda: ban gama ba. Na shiga jarrabawar baka don kare kundin digirina na uku, malaman da suka zauna a kaina suka ce aikin yana da tushe, sai dai babi biyu dole a sake su tun daga farko, suka ba ni shekara guda. Kuɗin tallafin karatu kuwa dama ya riga ya ƙare. Saboda haka alkawarin da na yi wa Hajiya na dawowa kafin Babbar Sallah ba zai cika ba bana.

Shekarata 36. Waɗanda muka yi firamare tare, wani ya gina gida, wani ya kai Hajiyarsa Makka, ni kuwa har yanzu ana duba mini rubutu da jan biro. Mako uku na yi ban buɗe kundin nan ba, har sai da na duba kuɗin jirgi da niyyar in tattara komatsaina in taho hannu rabbana.

Ana cikin haka, ran wata Juma'a bayan an idar da salla, wani dattijo da muke gaisawa ya riƙe hannuna. Bahaushen Gana ne, haifaffen zangon Accra, wadda shi har yau Ankara yake ce mata irin na mutanen da. Ya daɗe a ƙasar nan yana tuƙin bas har ya yi ritaya. Ya ce, "Malam, fuskar nan taka ba lafiya ba." Na kwashe labari na gaya masa. Ya tambayi shekaruna, na faɗa, sai ya yi dariya ya ce, "Haba ɗana, ai ko Stanley Matthews bai ɗauki kofi a shekarunka ba." Na ce, "Baba, wane ne kuma haka?" Ya riƙe baki. Mu da muka taso da su Kanu da Okocha da Beckham, ina muka san shi? Ya ce shi yana yaro, a shekarar da Gana ta sami 'yancin kai, mahaifinsa ya kai shi filin wasa ya ga mutumin nan da idonsa. Ya ce in hau jirgin ƙasa in je garin Stoke in gani.

Na je, na kuma dawo na shiga laburare, kun san tarihi shi ne fagena. Abin da na samo shi nake son in ba ku, domin a cikinsa na sami bakin da zan yi muku wancan bayani na sama.

Garin tangaran

Stoke-on-Trent garuruwa shida ne aka haɗe a 1910: Tunstall, Burslem, Hanley, Stoke, Fenton da Longton. Sana'arsu tangaran ce, wato farantai da kofuna da butocin shayi, sai kuma haƙar kwal. Har yau idan ka zaga za ka ga ragowar manyan murahun gasa tangaran, an gina su da jan bulo kamar kwalba. A Hanley aka haifi Stanley Matthews ranar 1 ga Fabrairu, 1915, shi ne na uku cikin 'ya'ya maza huɗu. Mahaifinsa, Jack Matthews, mai aski ne kuma ɗan damben zamani, kuma shi ya ɗora yaron a kan tashin sassafe da motsa jiki tun yana ƙarami. Burin uban ɗansa ya gaje shi a dambe, yaro kuwa ƙwallo ce a ransa, kullum yana bayan gida yana zagaye kujeru da 'yar ƙwallon roba. Sai uban ya gindaya sharaɗi, cewa in har aka zaɓe shi cikin ƙungiyar 'yan makaranta ta Ingila, to ya yarda. A 1929 aka zaɓe shi.

Da ya cika shekara 15 ƙungiyar Stoke City ta ɗauke shi masinjan ofis a kan fam 1 a mako. Da ya cika 17, a 1932, ya sa hannu a matsayin ƙwararren ɗan wasa a kan fam 5 a mako, wanda ke komawa fam 3 idan an tafi hutun bazara. A Satumban 1934, yana da shekara 19, ya fara buga wa Ingila wasa, suka ci Wales 4-0 a Cardiff, shi ma ya jefa ɗaya.

Lamba bakwai yake bugawa, wato gefen dama. Salon nasa guda ɗaya ne, kowa kuma ya san shi. Zai taho da ƙwallo a hankali kamar mai jin kasala har ya zo gab da ɗan bayan da ke tsaronsa, sai ya karkata jiki hagu, da zarar wancan ya bi shi sai ya taɓe ƙwallon dama da bayan ƙafa ya fice a guje. Kafin mutum ya juyo ya kai layi ya auno ta gaban raga. 'Yan baya sun san abin da zai yi, masu kallo ma sun sani, amma fiye da shekara talatin aka rasa maganinsa. Sirrin yana cikin gudun taku goman farko, kuma wannan gudun shi yake ta yi wa tanadi duk rayuwarsa. Cin ƙwallo bai dame shi ba, aikinsa ya ba wani ya ci. A wasa 54 da ya buga wa Ingila ƙwallo 11 kawai ya zura.

Irin son da mutanen garin ke masa ya fito fili a Fabrairun 1938, lokacin da ya sami saɓani da ƙungiya ya nemi a sayar da shi. Mutum kusan 3,000 suka yi taro a babban zauren gari suna cewa ba su yarda ba. Haka ya haƙura ya zauna.

A shekarar ce kuma wani abin kunya ya faru wanda bai kamata in tsallake ba. Ranar 14 ga Mayu, 1938, Ingila ta buga da Jamus a Berlin, zamanin Hitler. Kafin a take wasa, shugabannin ƙwallon Ingila suka umarci 'yan wasansu su ɗaga hannu su yi gaisuwar 'yan Nazi, suka kuma yi, har da Matthews. Ingila ta ci 6-3, shi ma ya jefa ɗaya, amma hoton gaisuwar nan shi ya fi wasan daɗewa a zukatan mutane.

Yaƙi da alkawari

Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939 yana da shekara 24, daidai lokacin da ɗan ƙwallo ke kan ganiyarsa. Aka dakatar da gasa, bai sake buga ta ba sai yana da 31. Ya yi aikin sojan sama, aka ajiye shi kusa da Blackpool, wani garin shaƙatawa a bakin teku, yana buga wasannin sada zumunta waɗanda ba a lissafa su a kundin tarihi. Ku duba fa, shekarun da suka fi kowanne daraja a sana'arsa haka suka tafi, ba da laifinsa ba.

A 1945 mahaifinsa ya rasu. Shi da kansa ya ba da labarin cewa a kan gadon ajali tsohon ya sa shi ya ɗauki alkawari biyu: ya kula da mahaifiyarsa, ya kuma ci Kofin FA. Ga autanmu da abokansa na gidan kallon ƙwallo, waɗanda ba su san komai ba sai Firimiya da Kofin Zakarun Turai, ku sani cewa a wancan zamani wasan ƙarshe na Kofin FA a Wembley shi ne ranar da ta fi kowace rana a ƙwallon Ingila.

Bayan yaƙi dangantaka ta yi tsami tsakaninsa da kocin Stoke, Bob McGrory, har aka fara ajiye shi a benci. A Mayun 1947 aka sayar da shi ga Blackpool a kan fam 11,500. Shekararsa 32, kuma kocin Blackpool, Joe Smith, sai da ya tambaye shi ko yana ganin zai iya ƙara shekara biyu a fili. Shekara 14 ya yi musu.

A 1948 suka kai wasan ƙarshe. A shekarar ce marubuta labarin wasanni suka ƙirƙiro kyautar gwarzon ɗan ƙwallon shekara, shi aka fara ba. Amma a Wembley Manchester United ta doke su 4-2. A 1951 suka sake kaiwa, Newcastle ta ci su 2-0, Jackie Milburn ne ya zura duka biyun. Shekarar Matthews 36 a ranar, daidai shekaruna yau. Da na zo nan a karatuna sai da na ajiye littafin na yi shiru. Sau biyu ya je bakin abin da ya yi wa mahaifinsa alkawari, sau biyu yana dawowa, jaridu kuma suna ta rubuta cewa shi ke nan, tsufa ya zo.

Abin da ya riƙe shi ba a fili ake ganinsa ba. Kullum da sassafe yana bakin tekun Blackpool yana gudu a kan yashi, ko ana sanyi ko ana ruwa. Ba ya shan taba, ba ya shan giya, a zamanin da 'yan wasa da yawa ke yin duka biyun. Yana kula da abin da yake ci, yana yawan shan ruwan karas, ranar Litinin kuwa ba ya cin abinci. Ba azumin ibada ba ne irin namu na Litinin da Alhamis, shi don jikinsa yake yi, amma da na karanta sai da na yi murmushi. Yakan sa dalma a cikin takalmin da yake tafiya da shi, don idan ya sa na ƙwallo ya ji ƙafarsa sakayau. Da ya je Gasar Kofin Duniya a Brazil a 1950, inda Amurka ta ba Ingila kunya da ci 1-0 a wasan da ba a sa shi ba, ya lura 'yan Kudancin Amurka takalmansu marasa nauyi ne, ba irin ƙatta-ƙattan na Ingila ba. Ya dawo ya sa aka riƙa yi masa irinsu. Mutum mai shekara 35, wanda duniya ta san shi, bai ji kunyar koyo daga wasu ba.

Ranar 2 ga Mayu, 1953

Karo na uku, Blackpool da Bolton Wanderers, mutum 100,000 a Wembley, har da Sarauniya Elizabeth wadda saura wata guda a yi bikin naɗinta. Mutane da yawa a lokacin suka sayi talabijin saboda bikin naɗin, don haka wasan ya shiga gidajen da ba a taɓa kallon ƙwallo ba. Kusan duk wanda ba ɗan Bolton ba yana fatan Matthews ya samu, domin shekararsa 38.

Ba a yi minti biyu ba Nat Lofthouse ya ci wa Bolton. Stan Mortensen ya farke, Bolton suka ƙara kafin hutun rabin lokaci. Da aka dawo, a minti na 55, Eric Bell ya sa kai ya ci ta uku. Shi Bell ɗin nan tun farkon wasa ya ji rauni a cinya, ɗingishi yake yi, amma da yake a lokacin babu dokar canjin ɗan wasa dole ya ci gaba da tsayuwa a fili. 3-1, saura minti 35.

Daga nan 'yan Blackpool, musamman wani ɗan gajere mai suna Ernie Taylor, suka dinga tura wa Matthews ƙwallo, shi kuma ya dinga yanke 'yan bayan Bolton ta wannan gefen da dama ya raunana. A minti na 68 ya auno wata, golan Bolton ya kasa riƙewa, Mortensen ya tura ta raga. Saura minti ɗaya a tashi, Mortensen ya buga bugun tazara kamar harsashi, 3-3. A cikin ƙarin lokaci Taylor ya sake ba Matthews, ya yi wannan yankan nasa da kowa ya sani, ya kai layi, ya mayar da ita baya yana zamewa, Bill Perry, haifaffen Johannesburg, ya buga ta shiga. 4-3. Matthews ya hau ya karɓi lambarsa daga hannun Sarauniya, shekara takwas bayan rasuwar mahaifinsa.

Har yau Turawa da sunan Matthews suke kiran wannan wasa. Amma ku lura, bai ci ko ɗaya ba a ranar. Mortensen ne ya ci uku, kuma har yanzu babu wanda ya sake cin uku a wasan ƙarshe na Kofin FA a Wembley. Matthews da kansa ya sha faɗa cewa da sunan Mortensen ya kamata a kira wasan. Sannan da a ce akwai canji, da Bolton sun fitar da masu rauni, wa ya san yadda za ta kaya? Zan dawo kan wannan a ƙarshe, domin a nan darasina yake.

Bayan kofi

Mai karatu zai zaci daga nan sai ritaya. Ina! A Nuwamban 1953 yana fili lokacin da Hungary ta su Puskas ta zo har Wembley ta lallasa Ingila 6-3, ranar da Ingilishi suka gane duniya ta wuce su a wasan da suka ƙirƙira. A Mayun 1956, yana da shekara 41, Ingila ta ci Brazil 4-2, ya wahalar da Nilton Santos, wanda ake lissafawa cikin manyan 'yan bayan duniya. A shekarar ce wata mujallar Faransa ta ƙirƙiro kyautar Ballon d'Or, wadda yaranmu ke ta musu a kanta tsakanin Messi da Ronaldo. To, wanda aka fara ba ita shi ne Stanley Matthews, ya sha gaban Alfredo Di Stefano na Real Madrid. Wasansa na ƙarshe wa Ingila ya buga shi da Denmark a Mayun 1957, yana da shekara 42.

A watan ne kuma ya sauka a Gana, wata biyu da samun 'yancin ƙasar ranar 6 ga Maris. Ƙungiyar Hearts of Oak ta Accra ce ta gayyace shi ya buga mata wasu wasanni, aka naɗa shi sarautar Soccerhene, wato sarkin ƙwallo. Akwai hotonsa zaune a kan kujerar sarauta, ya yafa zanen kente, ƙwallo a ƙarƙashin ƙafarsa. Wannan zuwan ne dattijon masallacinmu ya gani. Ya ce abin da ya riƙe a ransa shi ne mutumin ba shi da wani jiki, siriri ne, gashi ya fara ja baya, amma samari majiya ƙarfi suna ta faɗuwa a gabansa.

Kada ku zaci ya tara dukiya. Har zuwa Janairun 1961 akwai doka a ƙwallon Ingila da ta ƙayyade albashi, mafi yawa fam 20 a mako, ko kai wane ne. Mutumin da sunansa kaɗai ke ƙara dubban 'yan kallo a fili, albashinsa ɗaya da na sauran manyan 'yan wasan ƙungiyarsa. Sai da ƙungiyar 'yan wasa ƙarƙashin Jimmy Hill ta yi barazanar yajin aiki aka soke dokar, nan da nan Fulham ta mayar da albashin Johnny Haynes fam 100. Matthews ya riƙa cike giɓi da ɗan otal ɗin da yake gudanarwa a Blackpool da kuma tallace-tallace, har da tallar sigari, shi da ba ya sha. Ɗan Adam ke nan, tara yake bai cika goma ba. Manyan 'yan wasan yau masu karɓar fam dubu ɗari biyu ko uku a mako, a kan kafaɗar irin su Matthews suka taka.

A Oktoban 1961, yana da shekara 46, ya koma gida. Stoke na rukuni na biyu, ba kuɗi, ba 'yan kallo. Kocinsu Tony Waddington ya saye shi a kan fam 3,500, mutane suna cewa ya sayi tsoho. Wasan gida na kafin zuwansa mutum dubu takwas da 'yan kai suka kalla. Ranar da ya dawo, da Huddersfield, sama da 35,000 suka cika fili. A kakar 1962-63 Stoke ta zama zakarar rukuni na biyu ta koma na ɗaya. A wasan da ya tabbatar da haka, da Luton, Matthews ya zura ƙwallonsa ɗaya tilo ta wannan kaka, yana da shekara 48, aka kuma sake ba shi gwarzon shekara, shekara 15 bayan na farko.

A farkon 1965 Sarauniya ta ba shi sarautar Sir, shi ne ɗan ƙwallo na farko da ya same ta yana kan buga wasa. Ranar 6 ga Fabrairu, 1965, kwana biyar bayan ya cika shekara 50, ya buga wasansa na ƙarshe a rukuni na ɗaya, Stoke ta ci Fulham 3-1. Shekara 33 yana wasa, ana ta yi masa ƙeta da duka a ƙafa, amma ba a taɓa korarsa daga fili ba, alƙalin wasa bai taɓa ko rubuta sunansa don gargaɗi ba. A wasan bankwana da aka shirya masa a Afrilun shekarar, Puskas da golan Tarayyar Sobiyet Lev Yashin ne suka ɗauke shi a kafaɗa. Daga baya ma cewa ya yi ya yi gaggawar ajiye takalmi.

Ba komai ya taɓa ya zama zinariya ba. Ya jagoranci Port Vale, ƙaramar ƙungiyar da ke Burslem, daga 1965 zuwa 1968, abin bai yi kyau ba. Aka sami ƙungiyar da laifin biyan kuɗaɗen da doka ta hana, aka kore ta daga gasa, sai da aka yi ƙuri'a aka dawo da ita. Bai sake horar da wata ƙungiya a Ingila ba. Ya koma tsibirin Malta da zama, yana yawo ƙasashe yana koyar da yara. A Soweto ta Afirka ta Kudu, zamanin wariyar launin fata, ya haɗa ƙungiyar yara baƙaƙe, a 1975 ya kai su Brazil. Ya dawo Stoke a 1989, ya mutu ranar 23 ga Fabrairu, 2000, yana da shekara 85. An ƙiyasta mutum 100,000 ne suka tsaya a bakin titi ranar rakiyar gawarsa. Bisa al'adarsu an ƙona gawar, aka binne tokar a ƙarƙashin tsakiyar filin Stoke.

Abin da na gani, da abin da na ɗauka

Tsohon filin da ya yi wasa a ciki, Victoria Ground, an rushe shi bayan ƙungiyar ta tashi a 1997. Sabon yana kan wani tudu mai iska, kuma Stoke ɗin ma ta faɗo daga Firimiya a 2018. A wajen filin akwai mutum-mutuminsa guda uku a jere: yana matashi, yana tsakiyar ƙarfi, da kuma yana dattijo, kowanne da ƙwallo a ƙafa. Na daɗe a tsaye a wurin, iska tana kaɗa ni. Abin da na lura shi ne fuska ta canja, jiki ya canja, amma aikin guda ne.

Ba zan yaudare ku in ce duk mai haƙuri sai ya ɗauki kofi ba. Akwai wani tsaransa, Tom Finney na Preston, wanda wasu ke cewa ma ya fi shi iyawa, mutumin kirki mai sana'ar gyaran famfo. Shi sau ɗaya ya kai wasan ƙarshe, a 1954, West Brom ta ci su 3-2, har ya bar ƙwallo bai ɗauki babban kofi ba. Shi kansa Matthews bai taɓa cin gasar rukuni na ɗaya ba, mafi kusa shi ne na biyu da Blackpool ta zo a 1956. Kuma da Mortensen bai buga bugun nan ba, da Perry ya zubar, da yanzu wani labarin ake bayarwa. Sakamako na Allah ne. Abin da ke hannun Matthews shi ne gudun asuba a kan yashi, ta yadda ranar da damar ta zo, yana da shekara 38, ta same shi da ƙafafun da za su ɗauke ta. Da ya daina a 1951, ba wanda zai zarge shi, amma da ba ya fili a 1953.

Sai abu na biyu, wanda ya fi taɓa ni. In Allah ya sa na gama, sunana kaɗai za a rubuta a takardar, kamar yadda aka sa wa wasan nan sunan Matthews. Amma na san masu ci mini ƙwallayen. Yaya Babba, kai kake biyan kuɗin makarantar yarana shekara biyu ke nan, ba ka taɓa yi mini gori ba. Maman yara, ke kike riƙe da gida, kina amsa tambayar "yaushe zai dawo" a gidan biki da gidan suna, tambayar da ni na guje mata ta hanyar yin shiru. Kawu, ban manta da abin da ka sayar ba lokacin da zan taho. Hajiya kuwa, addu'arta ce jarina. Shirun da na yi muku mako da makonni bai dace ba, ku yafe ni.

Na buɗe kundin. Yanzu bayan sallar Asuba nakan zauna awa uku a kansa kafin in fita ɗan aikin da na samu a wani sito, inda nake jera kaya. Babi na farko ya kusa rabi, kuma gaskiya, ko da yake da ciwo, malaman nan sun yi daidai, aikin ya fi kyau a haka. Na koma na gaya wa dattijon na je Stoke, ya ce, "To madalla, saura ka kawo mini kofin in gani."

Yaya, don Allah kai za ka je ka yi wa Hajiya bayani baki da baki kafin in kira ta ranar Juma'a, kada ta tsinci maganar a bakin wani. Ka ce mata lafiyata ƙalau, ina cin abinci, jinkiri ne kawai aka samu. Auta, kai kuma in an sake musun Ballon d'Or a gidan kallo, ka tambaye su wa aka fara ba, ka ga ko akwai mai amsawa.

A gaida kowa da kowa, a shafa mini kan yara. Ku ci gaba da sa ni a addu'a, Allah ya sa mu gama lafiya, ya sada fuskokinmu da alheri, amin.

Wassalam. Naku har kullum, daga Ingila.